Kunnena ya toshe tun da na yi nutso a Dahab, yaushe zan iya komawa ruwa?

Bazazzagin Alƙahira:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, amma don Allah kada a fara da dariya, na riga na sha ta wajen 'yan ɗakinmu.

Hutun nan da aka ba mu, ni da abokaina biyu muka hau mota daga Alƙahira zuwa Dahab, can gaɓar Sina'i. Su iyo kawai suka yi a sama-sama suna leƙen kifi, ni kuwa sarkin karambani na je na yanki kwas ɗin koyon nutso, irin wanda ake goya maka tukunyar iska a baya, a ba ka gilashin fuska da takalmin agwagwa. Bayan koyon farko a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, sai an yi nutso huɗu a teku kafin a ba mutum shaida. Biyu na samu yi.

Ranar da za mu yi na biyun na tashi da 'yar mura, sanyin na'urar ɗakin da muka kwana ne ya kama ni, hanci ɗaya a toshe. Malamin ya tambaya ko akwai mai mura, na ce garau nake, saboda ina hango kuɗina. Muna bin igiya muna sauka, ba mu kai mita huɗu ba na ji kamar an soka mini tsinken tsire a kunnen hagu. Na matse hanci na hura yadda aka koya mana, na dama ya yi ƙas ya buɗe, na hagu ya ce bai san zancen ba. Na duba ƙasa na ga har wata tsohuwar Baturiya ta riga ni sauka tana jirana, kunya ta hana ni yin alamar akwai matsala. Na cije, na ƙara hurawa da dukkan ƙarfina, na bi su har mita 11. A can ƙasa zafin ya lafa, na ce alhamdulillahi ya buɗe.

Da muka fito na cire gilashin, sai ga majina da jini-jini a ciki. Kunnen kuwa tun daga lokacin kamar an cusa mini auduga. Yau kwana huɗu ke nan. Zafin ya ragu sosai, sai dai ji ya yi ƙasa, muryata nake ji tana yawo cikin kaina, in na haɗiyi yawu ya yi ƙaras-ƙaras, in na yi sujuda kuma in ji nauyi kamar wani abu na gangarowa. Ba jiri, ba kuma abin da ke fita daga kunnen.

Ruwa ne ya shige ya ƙi fita? Me zan ɗiga? In na koma ranar Alhamis mai zuwa na ƙarasa sauran biyun, akwai matsala? Hutun saura kwana goma.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Sannu yarona, Allah Ya ƙara sauƙi. Ruwan gishiri ne ya kwanta maka a ciki. Ka samu man zaitun mai kyau, ai kuna da shi a Masar kamar banza, ka ɗan ɗumama shi a cokali, ka kwanta a ɓangaren dama a ɗiga maka uku, bayan ɗan lokaci ka juya. In da man habbatus sauda ka haɗa. Haka nake yi wa yarana in mun dawo daga bakin teku a nan Jidda.

Bakano Mai Nutso:
Hajiya, a gafarce ni, wannan karon kada ya ɗiga komai tukuna.

Kai kuma Bazazzagi, dama ina ka ga ruwa a Zariya ban da Kubanni, har za ka je ka faɗa Bahar Maliya da mura? To zauna ka ji. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki a ƙarƙashin jiragen ruwa da bututun mai a yankin Fatakwal, kuma abin da ka yi na taɓa yin wanda ya fi shi.

Ba ruwa ne ya shiga kunnenka ba. Nauyin ruwa ne ya matse shi. Ka ɗauki gorar roba ta ruwan sha wadda ba komai ciki, ka ɗaure murfin, ka sauka da ita mita goma, za ka ga ta lotse, iskar ciki ta koma rabi. A mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. Ka lura da lissafin: canjin da ya fi girma yana cikin mita goman farko, shi ya sa sababbin shiga suke jin ciwo a inda suke ganin wasa ne, mu da ke aiki a can ƙasa kuwa kunne ba ya cika damun mu in mun wuce nan. Bayan dodon kunnenka akwai iska kamar ta gorar nan. In ba ka tura mata ƙari ta hanci ba, dole wani abu ya lotse.

Ƙa'idar da ake buɗe kunne da ita ita ce tun kafin ya yi zafi. Tun kana saman ruwa ka fara, sannan duk rabin mita ko mita ɗaya ka sake, a hankali, ƙafa na ƙasa kai na sama. Da zarar ya yi zafi ka makara, hanyar ta riga ta danne, ko kumatunka za su fashe ba za ta buɗe ba. Abin yi shi ne ka ɗan hau sama mita ɗaya, ka jira, ka sake gwadawa. Ya ƙi sau biyu sau uku, ka nuna wa malami kunnenka ka fita. Iya ruwa fidda kai.

Ni nawa ya faru ne a shekarata ta biyu. Mura nake, amma ranar kuɗin aiki ya fi na kullum. A wajen mita shida na ji wani fat, zafin ya ɗauke gaba ɗaya kamar an kashe fitila, sai sanyi ya ratsa cikin kaina, duniya ta fara juyawa, na rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Da ba don igiyar da ke jikina ba da wanda ke riƙe da ita a sama, da yanzu wani labarin ake. Dodon kunnen ne ya fashe. Wata uku ban shiga ruwa ba, ban kuma ga albashin ruwa ba.

Alhamis ɗin nan dai ka manta da ita.

Bakaben Asali:
Ku dai 'yan boko da tsoro. Mu a Argungu tun 1934 ake bikin kamun kifi, dubban mutane su ruga Matan Fada da homa da gora, wasu su nutse su kamo giwan ruwa da hannu, ba tukunya ba gilashi. Ban taɓa jin an ce wani ya je ganin likitan kunne ba. Ka sha shayi mai citta ka koma abinka.

'Yar Katsina (likitar kunne):
Bakabe, ina za ka ji, alhali kunnen naka ma tun kana yaro Matan Fada ta cinye shi? Ka bari manya su yi magana.

Ƙanena Bazazzagi, sannu. Ba zan iya gane abin da ke kunnenka ta waya ba, sai an leƙa da fitila, amma bari in gaya maka abin da labarinka ya fi kama da shi.

Kunne hawa uku ne. Akwai ramin waje wanda ya ƙare a dodon kunne. Bayan dodon akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku da ke kai sauti ciki. Can ciki kuma, a cikin ƙashin kai, akwai inda ji yake da inda jiki ke gane daidaituwarsa, nan ruwa ne a ciki ba iska ba. Ɗakin tsakiyar nan ƙofa ɗaya gare shi, wani siririn bututu da ke buɗewa a bayan hanci, tsawonsa wajen santimita uku da rabi a babban mutum. Sunan wani masanin Italiya na ƙarni na 16, Eustachi, aka sa masa. Kusan kullum a rufe yake, sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma yake buɗewa. Shi ne ke yin ƙas in kana hawan Kibo zuwa Jos ko jirgi na sauka. Kuma ka ji abin mamaki: bambancin nauyin iska tsakanin bakin teku da Jos, duk tsayin nan na wajen mita 1,200, bai kai na nutson mita ɗaya da rabi a ruwa ba. Mura tana kumbura bakin bututun nan, ka ga ka shiga ruwa da ƙofa a kulle.

Abin da na fi so ka gane shi ne lafawar da zafin ya yi a ƙasa. Ba buɗewa ya yi ba. In iska ta ƙi shiga ɗakin, dodon yana lotsawa ciki, fatar ɗakin ta kumbura, ƙananan jijiyoyi su tsattsafo da ruwa da jini har su cike gurbin da iskar ta bari. Da ya cika sai jan ya ragu, zafi ya lafa. Ɗaya hanyar da zafi ke ɗaukewa ita ce wadda Yaya Bakano ya ba da labari, wato dodon ya yage. Duka biyun ba albishir ba ne. Nauyin da kake ji a sujuda da ƙaras-ƙaras ɗin nan sun fi kama da ruwa a bayan dodo, ruwan jikinka ne, ba na teku ba. Jinin da ka gani a gilashi zai iya fitowa daga nan ta bututun, zai iya kuma zama daga kogunan da ke ƙashin fuska da goshi, su ma matsi ɗaya suka sha.

Maganar yaushe za ka koma, ba kalanda ce ke yanke ta ba. In dodon ja kawai ya yi, kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu sun isa. In ruwa ko jini ya taru a baya, makonni ne, yakan kai wata ɗaya ko mako shida kafin ya tsotse. In ya fashe, yawanci yana haɗewa da kansa cikin makonni zuwa wata biyu, amma haɗewa daban, ƙwari daban, kuma wasu sai an yi musu aikin faci. Kafin in sa hannu wani ya koma ruwa sai jinsa ya dawo daidai, ba zafi ba toshewa, yana iya buɗe kunnen a tudu cikin sauƙi ba tare da yunƙuri ba, murar ta tafi gaba ɗaya, sannan na leƙa da idona na ga iska ce a bayan dodon. Ɗaya ya rage, bai koma ba.

Gobe ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ka gaya masa zurfin da ka kai da yadda ka hura, kada ka ɓoye murar kamar yadda ka ɓoye wa malaminka.

Bakaben Asali:
Bakatsiniya ta samu waje. To na ji, amma citta dai ba ta taɓa kashe kowa ba.

Bakano Mai Nutso:
Ya sha cittarsa, ba wanda ya hana. Amma Bakabe, riƙe numfashi ba ya kare kunne. Ruwa bai san ko da tukunya ka zo ko ba tukunya ba, zurfi kawai ya sani. Abin da ya taimaki mutanenku shi ne kogi ne, ba sa yin nisa ƙasa, kuma tun suna yara jikinsu ya koyi buɗe kunne ba su ma san suna yi ba. Ka je ka zauna da tsofaffin masunta ka ƙirga nawa ne sai ka ɗaga murya suke jin ka.

Bazazzagin Alƙahira:
Anti likita na gode ƙwarai, jikina ya yi sanyi. Ni fa tun jiya ina ta matse hanci ina hurawa ko zai buɗe, har na sa tsinken auduga na ɗan zungura. Na daina ke nan?

'Yar Katsina (likitar kunne):
Ka daina duka biyun yanzun nan. Tsinken nan ba abin da zai tarar sai dodon da ya riga ya sha wuya. Hurawa da ƙarfi kuwa ita ce abin da na fi tsoro a duk labarinka, zan dawo kanta.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Likita, da izininki. Akwai maganin ɗigawa da muke bayarwa na ciwon kunne, mai haɗe da maganin ƙwayoyin cuta, kwana uku ya warke. Sannan in zai koma ya sha ƙwayar mura ko ya fesa na hanci kafin ya shiga, hanci ya buɗe, shi ke nan. Masu hawa jirgi da mura haka muke ba su.

'Yar Katsina (likitar kunne):
Malam, ciwon da kake bai wa wannan maganin daban ne. Shi ne na ramin waje, wanda ke kama masu yawan iyo in ruwa ya jiƙa fatar ta yi laushi ƙwayoyin cuta suka samu shiga. Yakan fara da ƙaiƙayi bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma in ka ja leɓen kunnen ko ka danna ɗan naman da ke bakin ramin mutum zai yi tsalle. Na yaron nan a cikin ruwa ya fara, lokacin sauka, matsalar tana bayan dodo inda ɗigo ba ya kai wa. Sannan da yawa daga magungunan ɗigawar nan akwai neomycin ko gentamicin a ciki, waɗanda in dodon a fashe yake suka wuce ciki suna iya lalata ji. Akwai waɗanda muke amfani da su ko da akwai huda, amma sai an leƙa an san da wanne ake.

Maganin buɗe hanci kuwa, likita zai iya ba shi yanzu don ya taimaka kunnen ya zube, na fesawar ma ba a wuce kwana uku ana yi, in ba haka ba hancin ya ƙara toshewa. Amma a sha don a samu a yi nutso da mura, wannan tarko ne. Zai buɗe maka ka sauka lafiya, in ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa bututun ya sake rufewa, kana hawowa iskar da ke ɗakin tana kumbura ba hanyar fita. Sauka kana da zaɓin fasawa, hawowa kuwa dole ce, iskar tukunya ba ta jiran kowa.

Maman Ilham:
To ni dai ban ce na fi likita sani ba, amma man zaitun tun iyaye da kakanni ake ɗigawa, ban ga wanda ya kurumce ba. Komai yanzu sai a ce asibiti. Yaro ɗalibi ne, kuɗin ganin likita a ƙasar mutane wasa ne?

'Yar Katsina (likitar kunne):
Mama, ba raina shi na yi ba, ni ma ina sa mutane su ɗiga shi in dauɗar kunne ta bushe ta toshe, yana tausasa ta. Yaranki kuma a sama suke wasa, dodonsu lafiya lau. Shi wannan ciwon nasa yana bayan bango ne. In bangon lafiya yake, man ba zai isa wurin ba. In kuwa ya isa, to akwai huda ke nan, kuma mun zuba abin da ba a tace ba a inda bai kamata ko ruwa ya shiga ba. Ga shi in likita ya zo leƙawa sai ya tarar da mai ya rufe masa gani. Maganar kuɗi gaskiya ce, amma leƙawar minti biyar ce.

Maman Ilham:
To Allah Ya sa mu dace. Yarona ka bi ta likita. Amma ka riƙa rufe kanka da dare.

Baba na Bur Sudan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini. Ni a Bur Sudan aka haife ni, mahaifinmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, ya tsaya nan neman guzuri, zama ya kama shi. Na yi shekaru ina aiki a kwale-kwalen da ke kai Turawa nutso, yawancinsu 'yan Italiya, muna kai su Sanganeb inda hasumiyar fitila take, da Sha'ab Rumi inda Bafaranshen nan Kusto ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka zauna ciki wata guda, da wajen jirgin Umbria da ya nutse a 1940 kusa da tashar jiragenmu. Ni ban taɓa goya tukunya ba, nawa cika ta ne da jan anga da dafa shayi.

Abin da na gani shi ne, wanda ya daɗe a harkar ba ya jin kunyar cewa yau kunnena ya ƙi. Sai ka ga mutum ya biya kuɗin jirgi tun daga ƙasarsu, ya sa kaya, ya shiga, bayan minti biyu ya fito ya zauna kusa da ni yana shan shayi har yamma. Sabon shiga ne ke cijewa. Akwai kuma tsofaffin da na sani masu nutson kawa a wajen Dungunab, ba su da komai sai numfashinsu. Jarumai ne, amma da yawansu kunnen na zubar da ruwa, kuma in za ka gaishe su sai ka matso.

Ɗana Bazazzagi, tekun nan tun zamanin Annabi Musa tana wurin.

Bazazzagin Alƙahira:
Baba na gode, Allah Ya ƙara girma. Tunda an ambaci Annabi Musa, daren ranar ma abokaina sun so mu hau Jabal Musa mu ga fitowar rana, ciwon kunnen ne ya hana ni.

Bakano Mai Nutso:
To kunnen ya yi maka rana. Dutsen nan mita 2,285 ne, hawansa bayan nutso daidai yake da hawa jirgi. Wannan ba maganar kunne ba ce, maganar iskar naitirojin ce da jiki ke sha a ƙasa, in ka yi sama da wuri ta yi kumfa a jini kamar an buɗe kwalbar lemo. Mafi ƙarancin jira awa 12 ne bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka yi fiye da ɗaya ko ka jera kwanaki. Mu dai kwana muke ba shi cur.

Amaryar Jidda:
Don Allah ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana, karatun da na yi ne ya tayar mini da hankali. Maigidana ya je nutso jiya da abokan aikinsa a Abhur. Ya ce kunnen dama ya ba shi wahala wajen sauka, ya yi ta hurawa. Tun da ya dawo kunnen ke ƙara wiii, ba ya ji sosai da shi, in ya miƙe sai jiri, ya yi amai sau biyu. Ya ce gajiya ce, yana kwance. Shi ma mako biyun zai jira?

'Yar Katsina (likitar kunne):
A'a ƙanwata. Ki tashe shi ku tafi asibiti yanzu, sashen gaggawa, kada shi ya tuƙa. Jiri da amai da ƙara da raguwar ji bayan nutso alamar kunnen can ciki ne, ba irin na Bazazzagi ba.

Wannan ce maganar da na ce zan dawo kanta. Tsakanin ɗakin tsakiya da kunnen ciki akwai 'yan tagogi biyu masu siririyar fata. In bututu ya kulle mutum ya yi ta yunƙurin hurawa, ƙarfin yana komawa kan ruwan da ke ciki, ɗaya daga tagogin na iya yagewa ruwan ya riƙa yoyo. Jin da aka rasa ta wannan hanya ba kullum yake dawowa ba, kuma saurin zuwa yana da tasiri. Ɗaya abin da ke kawo irin waɗannan alamu shi ne kumfar da Yaya Bakano ya faɗa, in ta sauka a kunnen ciki. Maganinsu ya saɓa: mai kumfa ana sa shi a ɗakin matsi, inda ake ƙara nauyin iska kamar yana ƙarƙashin ruwa, mai yagewa kuwa kwanciya yake bukata da kai a ɗage, wani lokaci da tiyata. Likita ne zai bambance, don haka ku tafi da agogon nutsonsa mai nuna zurfi da lokaci in yana da shi, ki kuma faɗa musu zurfin da ya kai, daɗewarsa, da lokacin da jirin ya fara, a cikin ruwa ko bayan ya fito. Kafin ku isa kada ya fyace hanci, kada ya yi yunƙuri, kada ya ɗauki abu mai nauyi.

Bakano Mai Nutso:
Ki ce musu nutso da tukunya ya yi tun daga bakin ƙofa, kada su ɗauka shawara ce ko maleriya su ba shi ƙarin ruwa su sallame ku. In ya yi gardama ki kira abokan da suka je tare su zo su ɗauke shi.

Amaryar Jidda:
Mun fita. Ku sa mu a addu'a.

Bazazzagin Alƙahira:
Allah Ya ba shi lafiya. Ni ma na je yau da safe. Likitan ya sa wata 'yar kyamara ya nuna mini a allo, dodon dama fari-fari yana sheƙi, na hagu kuwa ya yi duhu kamar ruwan zoɓo a bayan leda. Ya ce bai fashe ba, jini da ruwa ne a baya. Ya ba ni maganin zafi da na fesawa a hanci, ya ce in dawo bayan mako uku, ba nutso, ba hura hanci da ƙarfi. Da na ce masa Alhamis nake son komawa sai ya cire tabarau ya kalle ni, bai ce komai ba.

Anti, alwala fa da wanka? Tun shekaranjiya a tsorace nake shaƙa ruwa.

'Yar Katsina (likitar kunne):
Tunda bai fashe ba, yi wankanka da alwalarka yadda ka saba, shafar kunne da damshin yatsa ba ta kai ko'ina. Shaƙa ruwan ka yi sama-sama, ka fyace a hankali, hanci ɗaya bayan ɗaya, baki a ɗan buɗe. Wanda nasa ya fashe ne muke cewa ya shafa wa auduga man Vaseline ya toshe bakin ramin kafin ya watsa ruwa a kai, ya cire in ya gama. In tafiyar jirgi ta taso maka kafin mako ukun ka tambayi likitan tukuna. Kuma in ka ji jiri, ko ƙara ta taso, ko zazzaɓi da sabon zafi, ko wani abu ya fara fita, kada ka jira ranar da ya ba ka.

Wata magana don gaba: in ka koma kada wani ya ba ka shawarar toshe kunne da robar da masu iyo ke sawa. A nutso tana kulle iska tsakaninta da dodo, ka ƙara wa kanka ɗaki na biyu marar ƙofa.

Amaryar Jidda:
Salam, na dawo in yi godiya. Kwana biyar muka yi a asibiti. Sun yi gwajin ji sau uku, sun ce kunnen ciki ne ya taɓu saboda hurawar, ba kumfa ba. An kwantar da shi da filo uku, har maganin tausasa ciki aka ba shi don kada ya yi yunƙuri a bayi. Jirin ya tafi, jin ya dawo da yawa amma ba duka ba, ƙarar kuma tana nan, ya fi jin ta da dare. Maganar komawa ruwa likitan ya ce a bar ta tukuna, sai an ga yadda watanni masu zuwa za su kasance. Kayan nutson na kai su ɗakin ajiya na kulle, makullin yana jakata.

Bakaben Asali:
Allah Ya ƙara sauƙi. Bakatsiniya, yau ɗaya na sara miki, kada ki saba.

Bazazzagin Alƙahira:
Jama'a, ga ƙarshen nawa labarin ga masu tambaya ta bayan fage. A mako na uku da na koma akwai sauran ruwa, an sa mini wata na'ura a kunne mai auna motsin dodo, layin na dama ya yi tudu, na hagu ya kwanta shamal. A mako na biyar ina cikin darasi na yi hamma, sai na ji fus, ƙarar fankar ajin ta dawo mini kamar an ƙara murya a rediyo. Mako na shida likitan ya sake aunawa, ya sa na matse hanci na haɗiyi yawu yana kallon dodon yana motsi, ya rubuta mini takarda.

Na kira wurin da na yi kwas ɗin, ashe duk tashin hankalin kuɗin nan na banza ne, sun ce nutso biyun da na yi suna nan a rubuce har shekara guda. Na yanki tikitin motar daren Laraba. Sai ga shi jiya na tashi da atishawa, hancin hagu ya fara. Na je tasha na mayar da tikitin zuwa mako biyu masu zuwa.

Bakano Mai Nutso:
Ka ga Bazazzagi ya fara hankali, lallai duniya ta zo ƙarshe. In ka isa Dahab ɗin ka kashe na'urar sanyin nan ka buɗe taga.